Shaihu Ibnu Nafis, Malamin Likitocin Masar

Ga labarin Shaihu Aliyu Ibnu Nafis, mutumin Sham. A asibitin Nuri na Dimashƙa ya karanta ilmin ɗibbu a gaban Shaihu Dahwar, sa'an nan ya ƙaura Alƙahira yana karantar da likitoci, yana kuma ba da fiƙihun Shafi'iyya.

A zamaninsa maganar Jalinusu Bayunane ita ce hujja, cewa jini yana ratsa katangar da ke tsakiyar zuciya ta wasu ƙananan kafofi, har Ibnu Sina ya bi shi a kan haka. Da Shaihu ya zo sharhin Ƙanun na Ibnu Sina, sai ya ƙi. Ya bayyana katangar nan ba ta da kafa. Jinin dama huhu yake tafiya, ya gauraya da iska, kana ya komo hagu. Ku duba fa, mai sharhi ne ya gyara wa mai matani, abin da ba kowane malami yake iyawa ba.

Ya rasu a Alƙahira shekarar 687 ta Hijira, wato 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri. Allah ya jiƙansa, amin.