Laplace, masanin da ya ce duniyoyi daga gajimare suka fito

Ɗaliban lise masu karatun kimiyya sun saba da sunan Laplace, amma kaɗan ne suka san mai sunan. An haifi Pierre-Simon Laplace a 1749 a ƙauyen Beaumont-en-Auge da ke yankin Normandi a Faransa. Mahaifinsa ya so ya zama limamin coci, shi kuwa lissafi ne ya ɗauke masa hankali. Ya bar jami'ar Caen ya nufi Paris, inda masani d'Alembert ya samo masa aikin koyarwa a makarantar soja.

Tare da Lavoisier, uban ilimin sinadarai na zamani, sun auna zafin jikin dabba ta yawan ƙanƙarar da ya narkar, suka nuna cewa numfashi wata irin ƙuna ce mai ci a hankali. An fille kan Lavoisier a 1794, lokacin juyin juya hali. Laplace ya riga ya fice daga birnin.

A littafinsa na 1796 ya bayyana cewa da farko wani ƙaton gajimare mai zafi ne ya lulluɓe rana yana juyawa. Da ya huce sai ya takure, juyinsa ya ƙara sauri, ya riƙa barin zobba a baya, zobban suka dunƙule suka zama duniyoyi. Shi ya sa duk suke kewaya rana ta fuska ɗaya, kamar a kan faifai guda. Bajamushe Kant ya riga shi kawo irin wannan tunani tun 1755.

Abin da ke cikin gajimaren ne zamaninsa ba shi da hanyar ganowa. Sai a 1968 na'urorin rediyo suka gano amoniya a tsakanin taurari, a 1969 kuma tururin ruwa. Yau an san sinadaran suna haɗuwa a jikin ƙwayoyin ƙura masu sanyi. Nesa da tauraro ƙanƙara na taruwa a samu manyan duniyoyi irin su Jupita, kusa da shi kuwa duwatsu ke saura. A 2014 na'urar ALMA da ke Chile ta ɗauki hoton zobba kewaye da sabon tauraro HL Tauri.

A siyasa dai ba a yaba masa ba. Napoleon ya naɗa shi ministan cikin gida a 1799, ya sauke shi bayan mako shida. A 1814 ya goyi bayan tsige Napoleon, sarkin da ya gaje shi kuma ya ba shi sarauta. Ya rasu a Paris ranar 5 ga Maris 1827.