Elizabeth Gaskell da Masu Taɓin Hankali a Littattafanta

An haifi Elizabeth Gaskell a birnin Landan ran 29 ga Satumba, 1810. Tana da wata 13 mahaifiyarta ta rasu, sai yayar mahaifiyar, Hannah Lumb, ta ɗauke ta riƙo a garin Knutsford. Ita wannan Hannah ta rabu da mijinta ne saboda ya sami taɓin hankali. Ke nan a gidan da wannan lalura ta riga ta taɓa Elizabeth ta yi wayo.

A 1832 ta auri William Gaskell, wani limamin coci a Manchesta, birnin masaƙu da hayaƙi. A 1845 zazzaɓi ya kashe mata ɗanta namiji, Willie, bai ko cika shekara ba. Baƙin ciki ya kwantar da ita, har mijinta ya ba ta shawarar ta kama rubutu ko zuciyarta ta yi sanyi. Abin da ya fito daga nan shi ne Mary Barton, wanda aka buga a 1848. A cikinsa akwai John Barton, ma'aikacin masaƙa wanda yunwa da mutuwar ɗansa da ta matarsa suka cinye wa rai. Ya daina fara'a, ya shiga shan ofiyom, tunani ɗaya ya yi ta yi masa yawo a ka har ya kai shi ga kisan kai. Gaskell ba ta wanke shi ba, amma ta bi ciwon nasa daki-daki tun daga tushe.

A 1850 iyalin suka koma wani babban gida a titin Plymouth Grove, a yankin Ardwick. Nan ƙawarta Charlotte Brontë ta sauka har sau uku. Ita ce marubuciyar Jane Eyre, inda aka kulle mace mahaukaciya a saman bene, ana jin dariyarta da dare kamar ta aljana. Gaskell kuwa wata hanya ta bi a labarinta Half a Life-time Ago, wanda ya fito a mujallar Charles Dickens a 1855.

Labarin Susan Dixon ne, 'yar manomi, wadda ta yi wa mahaifiyarta alkawarin kula da ƙanenta. Zazzaɓi ya taɓa ƙwaƙwalwar yaron, kuma abin lura, shi ma sunansa Willie. Saurayinta Michael Hurst ya ce sai dai a kai shi gidan mahaukata na Lancaster. Susan ta ƙi, aure ya fasu. Marubuciyar ba ta ƙawata wannan zaɓi ba. Yaron ya girma, wani lokaci ciwon yakan tashi ya yi ta fisge-fisge, Susan tana ɓoyewa don kada a ƙwace shi. Kafin ya mutu ƙuruciyarta ta tafi, fuskarta ta bushe, maƙwabta suna ganinta mace mai taurin zuciya. Ciwon mai jinya ya sami wuri a labarin daidai da na majinyaci.

Gaskell ta rasu farat ɗaya ran 12 ga Nuwamba, 1865, a ƙauyen Holybourne, tana cikin hira da iyalinta, littafinta na ƙarshe, Wives and Daughters, bai kammala ba. An binne ta a Knutsford. Gidan Plymouth Grove kuwa, tun 2014 aka buɗe shi ga masu ziyara.