Alhassan Ɗantata: attajirin da ya fara da asusu

An haifi Alhassan a Bebeji, kusa da Kano, a 1877, a gidan fatake Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan aka sa masa Ɗantata.

Tun yana almajiri ya saba da tanadi: abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa, sai ya raba, wani a ci, wani a jefa asusu. Wannan ɗabi'a ba ta bar shi ba ko bayan basasar Kano, inda aka kama shi har sai da aka fanshe shi.

Ya fara da fataucin goro daga Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya shiga sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. A 1929, da banki ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai kuɗinsa na azurfa.

Duk da haka bai yarda da almubazzaranci ba. Yakan ci abinci tare da yaransa, ya bi lissafi da kansa, ya riƙe alkawarin dillalansa.

Ya rasu a Kano a 1955. Gidan bai rushe ba: ƴaƴa da jikoki sun ci gaba da kasuwanci, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.