Likita Ishaya Audu, Wanda Ya Reni Jami'ar Ahmadu Bello

Da yawa daga cikin malaman da su ke koyar da mu a wannan kwaleji, ko dai a Samaru suka yi karatu, ko kuwa waɗanda suka koyar da su can suka yi. Saboda haka ya kamata mu san labarin mutumin da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello shekara tara, tun tana rarrafe har ta miƙe da ƙafafunta, watau Likita Ishaya Shu'aibu Audu. Labarinsa yana da amfani gare mu musamman, domin a ƙasarmu ta kudancin Kaduna akwai manyan makarantu da ba su gama miƙewa ba tukuna.

Asalinsa

An haife shi ran 1 ga watan Maris 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Bahaushe ne, kuma Kirista ɗan Kirista. Ubansa, Malam Bulus Audu, daga cikin Isawa ya fito, watau waɗansu mutane masu karatun Alƙur'ani da su ke girmama Annabi Isa ƙwarai tun kafin Turawa su zo. Wajen shekara ta 1913 waɗansunsu suka sadu da Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. a Zariya, suka ba da 'ya'yansu makaranta.

Garin da aka haife shi yana da labarinsa. A zamanin nan ciwon barci ya addabi ƙasar Anchau, domin ƙudan tsando ya yi yawa a kurmin bakin rafuffuka, ga gari a cushe, ga rijiyoyi kusa da kududdufai. Cikin shekarun 1930 da 1940 gwamnati ta sa aka sare kurmin, aka haƙa rijiyoyi na siminti, aka zana sabon gari mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Tun daga nan mutanen wannan yanki suka gane yadda a ke shirya gari yana cikin abin da ke kawo lafiya ko cuta.

Karatunsa

Ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, inda mishan ta koma bayan ta tashi daga birnin Zariya. Wusasa ƙaramin wuri ne, amma ta fid da manyan mutane. Daga can Likita Dikko ya fito, wanda shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya girma.

Daga Wusasa ya tafi babbar kwalejin Yaba a Ikko. Cikin 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta Badun, aka kwashi ɗaliban Yaba aka kai can, yana cikinsu. Kwalejin nan kuwa a tsohon asibitin soja ta fara, cikin ɗakunan wucin gadi, alhali sarakunan Badun sun ba da fili fiye da eka 2,500 aro na shekara 999, ana ta zane ana gini a kansa. Daga Badun ya wuce Ingila, ya ƙare karatun likita a London cikin 1954. Daga baya ya ƙware a kan ciwon yara.

Da ya komo gida ya yi aiki a asibitocin gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ga Sardauna jikan Shehu, ga likitansa ɗan mishan, amma amana ta haɗa su. Bayan haka ya koma koyar da likitoci a Jami'ar Ikko.

Jami'ar Da Ya Tarar

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, da ɗalibai 426 kacal. Shugabanta na farko Bature ne mutumin New Zealand, Sir Norman Alexander. Ba a kan fili fetal aka kafa ta ba. Harhaɗa makarantun da ke akwai aka yi: ga kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, wadda ta zama cibiya, ga makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, can kusa da Tudun Wada, ga gidan gwajin noma na Samaru da gidan kiwo na Shika, ga kuma Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano. Wannan dabara ta sa aka fara karatu nan da nan ba a jira magina ba. Amma tana da nata wahala, domin gidan da ya ke a warwatse ya fi wuyar riƙo, kowane sashe yana neman ruwansa da wutarsa da motarsa da ɗakin littattafansa.

Cikin 1966 aka naɗa Likita Ishaya shugaba, yana da shekara 39, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. Lalle ba a lokacin daɗi ya hau ba. Ran 15 ga Janairu na shekarar aka kashe Sardauna, uban jami'ar. Tarzoma ta biyo baya, malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka tashi. Cikin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, aka kuma raba Jihar Arewa kashi shida. Gwamnatin da ta haifi jami'ar ta shuɗe ke nan, sai aka danƙa ta ga wata hukuma mai kula da kayan tarayyar jihohin nan shida, wadda a ke kira ICSA, har aka sa wa wani gidan kwanan ɗalibai na Samaru wannan suna. Wanda zai nemi kuɗin gini daga iyayengiji shida, a tsakiyar yaƙi, sai ya zama mai haƙuri da iya zama da mutane. Waɗannan halaye biyu kuwa su aka fi saninsa da su.

Yadda A Ke Shirya Girman Jami'a

Kafin mu ga abin da aka yi a zamaninsa, bari mu duba abin da shugaban jami'a ya kan yi tunani a kai, shi da masu zanen gini da majalisarsa.

Na fari, fili. Makaranta ta kan fara da kaɗan, amma ba a yanka mata fili daidai jikinta na yau, kamar yadda ba a ɗinka wa yaro riga daidai wa daida. Idan gari ya riga ya kewaye ta, ko da kuɗi ba ta samun wurin miƙe ƙafa. Filin Samaru yana da faɗi ƙwarai, an ƙiyasta shi wajen hekta 7,000.

Na biyu, ruwa. Kafin a ce za a ɗauki ɗalibi dubu, sai a san inda za su sha, su yi wanka, da kuma abin da ɗakunan gwaji za su ci.

Na uku, rabon wuri. A kan sa azuzuwa da ɗakin littattafai da ofisoshi a tsakiya, gidajen kwanan ɗalibai kusa yadda za su iso aji da ƙafa cikin 'yan mintoci, gidajen malamai a gefe inda babu hayaniya, gonaki da garken dabbobi can waje. Kusa da kowane sashe kuma a kan bar sarari, domin ran da ya yi girma ya ƙara gini ba tare da an rushe na maƙwabcinsa ba.

Na huɗu, jeri. Kuɗi ba ya zuwa gaba ɗaya, saboda haka a kan tsara abin da za a fara da abin da zai jira, yadda ko aiki ya tsaya, abin da aka gama zai yi amfani.

Abin Da Aka Yi A Zamaninsa

Babbar matsalar jami'ar a lokacin ita ce ƙarancin ɗalibai 'yan Arewa, domin makarantun sakandare masu kai yaro matsayin shiga jami'a ba su da yawa. Maimakon a zauna jira, sai aka buɗe makarantar share fage a Samaru wajen 1970, yaro ya zo daga sakandare a shirya shi sa'an nan ya shiga. Ta wannan ƙofa 'ya'yan manoma da yawa daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kafanchan suka sami shiga. Da jami'ar ta cika shekara goma, ɗalibanta duka sun haura 7,000, har da waɗanda ba digiri su ke nema ba. To, kowane ɗalibi da aka ƙara yana bukatar gado da kujera da abinci, don haka gini bai tsaya ba. A farkon shekarun 1970 aka datse rafin Kubanni aka yi madatsar ruwa ta jami'a. Aka kuma ɗauki aikin babban ɗakin littattafai na Kashim Ibrahim, wanda aka buɗe cikin 1976, bayan ya sauka.

Mu masu koyon aikin malanta muna da rabo a ciki. Sashen ilmi na jami'ar ya ɗauki nauyin duba manyan kwalejojin horon malamai na Zariya da Kano, yana kuma taimakon ƙananan kwalejoji da tsarin karatu da jarrabawa. Kwalejin Abdullahi Bayero ita ma aka yi ta renonta har ta tsaya da kanta, ta zama Jami'ar Bayero cikin 1977.

Da ya ke shi likita ne, ba mamaki a zamaninsa aka buɗe sashen koyon likitanci, cikin 1967. Babu asibitin koyarwa, sai aka yi amfani da asibitocin gwamnati na Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi. Tun cikin shekarun 1970 aka shirya gina babban asibiti guda a Shika, amma kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatoci suka yi ta sauyawa, gini ya tsaya shekara da shekaru ciyawa na cinsa. Sai a ƙarshen 2005 aka buɗe shi, 'yan watanni bayan rasuwar Likita Ishaya. Ashe zane mai kyau ba ya isa, sai an sami magada masu riƙon alkawari.

Akwai kuma abin da shirin bai kama ba. An tsara cikin jami'a da kyau, amma ƙauyen Samaru da ke ƙetaren hanyar Sakkwato ya yi ta girma yadda ya ga dama, gida kan gida, babu isassun magudanai. Da ɗalibai suka fi ƙarfin gidajen kwana, can suka koma haya. Duk da haka albarkar fili ta bayyana, domin bayan 2010, da tsakiyar jami'a ta cika, sai aka haye Kubanni aka fara sababbin gine-gine a filin da magabata suka tsare.

Sauran Rayuwarsa

Cikin 1975, shekarar da aka kawar da Janar Gowon, kuma gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar, ya sauka, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Cikin 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Azikiwe a jam'iyyar N.P.P. Ba su ci ba, amma Alhaji Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe har 1983. Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen wannan shekara, aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa. Da ya fito sai ya koma Samaru, ya buɗe asibitinsa yana duba talakawa, yana kuma aikin bishara. Ya rasu ran 29 ga Agusta 2005, yana da shekara 78.

Abin Da Ya Shafe Mu

'Yan'uwa, kada mu ce wannan zancen manya ne. Kafanchan kanta hanyar jirgin ƙasa ce ta haife ta wajen 1927, kuma mun ga yadda gari ya kan cinye filin da ba a tsare ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa cikin 2004, tana da reshe a Kafanchan. Ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya. Cikin 2025 kuma gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Kachia. Abin da aka shirya musu, ko aka kasa shiryawa, jikokinmu za su zauna a cikinsa.

Mu ma gobe waɗansunmu za su zama hedimastoci a ƙauyuka. Ran da aka ba ka makaranta mai aji biyu, fara da zagaya iyakar filinta tare da dagaci da dattawa, a rubuta, a kafa alama, a shuka mangwaro da dalbejiya a kan iyaka. Ka nisanta masai daga rijiya. Kada ka gina aji a tsakiyar filin wasa don kawai nan ya fi sauƙi. Ka zana inda aji na uku da na shida za su zauna, ka ajiye takardar a akwatin makaranta domin wanda zai gaje ka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya ba Likita Ishaya hutawa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da aka danƙa mana, amin.