Louis Blériot: Mutumin da ya haye teku da ƙonanniyar ƙafa

Idan ka duba nisan Paris da Landan ta sama, kilomita kusan 340 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Yau wannan ba labari ba ne. Amma kafin 1909, babu jirgi mai inji da fukafukai da ya taɓa tsallake ruwan da ya raba Faransa da Ingila, duk da cewa inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 34 ba. To, bari ka ji labarin wanda ya fara.

An haifi Louis Blériot a garin Cambrai na Faransa a 1872. Ya karanci injiniyanci a Paris, sannan ya buɗe kamfanin ƙera fitilun mota, kuma ya samu kuɗi sosai. Da wani ne, da sai ya miƙe ƙafa ya ci arzikinsa. Shi kuwa sai ya riƙa zuba ribar a gwajin jiragen sama. Ya ƙera, ya faɗo, ya gyara, ya sake faɗowa, har dukiyar ta kusa ƙarewa, ga mata da yara a gida.

Ana nan sai jaridar Daily Mail ta Ingila ta sa kyautar fam 1,000 ga duk wanda ya fara haye tekun. Hubert Latham ya riga shi gwadawa ranar 19 ga Yuli, 1909, amma injinsa ya mutu, ya faɗa ruwa, sai ceto shi aka yi.

Kwana shida bayan haka, da asubahin 25 ga Yuli, Blériot ya tashi daga kusa da garin Calais. Ka san yanayin da yake ciki? Ƙafarsa ta ƙone a wani tashi da ya yi a baya, da sanda yake dogarawa. Jirgin kuwa katako ne da yadi da wayoyi, injinsa ƙarfin doki 25 kacal, kuma babu na'urar nuna alƙibla. A tsakiyar teku hazo ya rufe shi na kusan minti goma, ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin jirgin ruwan da ke rakiyarsa, wanda matarsa ke ciki. Da ya hango gaɓar Ingila, sai ya bi ta har Dover. Saukar ma ba ta yi daɗi ba, ƙafafun jirgin da farfelarsa sun lalace. Duka tafiyar minti 36 da rabi ce.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kafin shekarar ta ƙare, an yi odar jirginsa sama da 100. Daga baya ya jagoranci kamfanin SPAD, wanda ya ƙera jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1927 yana cikin waɗanda suka karrama Charles Lindbergh bayan ya iso Paris daga New York ba tare da yada zango ba. Ya rasu a 1936, jirgin nasa kuma yana rataye a wani gidan tarihi a Paris.

Duniya ta riƙe minti 36 ɗin nan, amma shekarun faɗuwa da asara ne suka haife su. Don haka idan ka ga wani ya yi tashe a intanet dare ɗaya, kafin ka raina kanka, fara tambayar sau nawa ya faɗo babu wanda ya ɗauka a waya.