Marigayi Dokta Lambo Da Damuwar Ɗalibai

Duk wanda ya zauna Sabon Abeokuta ya san Aro, asibitin masu taɓin hankali. Amma ba kowa ya san mutumin da ya fito da sunansa duniya ba, watau Dokta Thomas Adeoye Lambo.

An haife shi a Abeokuta cikin 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sa'an nan ya ƙware a kan ciwon hankali a asibitin Maudsley na London. Cikin 1954 ya komo gida, aka ba shi riƙon Aro.

A zamanin nan samarin Nijeriya suna ta tafiya Ingila neman ilmi, waɗansu kuwa sai su rikice tun ba su gama ba. Lambo ya binciki halin da suke ciki, aka buga rahotonsa cikin 1960. Yaro ne a baƙon wuri, ga kaɗaici, ga ƙarancin kuɗi, ga tsoron faɗuwa jarrabawa bayan dangi sun sa masa ido. A shekarar ce kuma Dokta Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro, ya bayyana wani ciwo na ɗaliban gida: kai ya yi zafi, ido ya yi duhu, yaro ya karanta abu amma ya kasa ganewa.

Lambo bai yarda a ware mara lafiya daga danginsa ba. Ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Aro, suna saukar da marasa lafiya a gidajensu. Kowane ya zo da ɗan'uwa mai jinya, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin.

Ya shugabanci Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, ya kuma zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu cikin 2004.

To jama'a, mu ma mun san zafin baƙunci. In ɗanka na karatu a Ikko ko Badun ya daina barci, ya ƙi abinci, ya guji mutane, kada ka ce lalaci ne. Ka je ka gan shi, ka saurare shi, ka kai shi wajen likita tun abin bai yi nisa ba.