Henry Knox: Mai Kantin Littattafai da Ya Zama Janar ɗin Dakarun Igwa

An haifi Henry Knox a birnin Boston na Amurka ranar 25 ga Yuli, 1750. Bai yi makarantar soja ba. Mafi yawan ilimin yaƙinsa daga littattafan da yake sayarwa a kantinsa ya samo shi.

Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1775, dakarun George Washington sun yi wa sojojin Ingila ƙawanya a Boston, amma ba su da isassun manyan bindigogi. Knox ya tafi sansanin Ticonderoga ya kwaso igwa 59, aka jawo su bisa ƙanƙara tsawon kusan kilomita 480 cikin tsananin hunturu. Da aka girke su a tuddan Dorchester, sai sojojin Ingila suka tattara nasu-ya-nasu suka bar birnin ranar 17 ga Maris, 1776.

Shi ya jagoranci dakarun igwa a fafatawar Trenton da ta Yorktown, ya zama manjo janar a 1782, kana sakataren yaƙi na farko a gwamnatin Washington a 1789. Ya mutu ranar 25 ga Oktoba, 1806, sanadiyyar ƙashin kaza da ya haɗiye. Sansanin soja na Fort Knox sunansa ya ci.